Girkin Rana a Teburin Baƙi

Zuwa ga Baban Sayuri,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jikin? Ina fata ciwon bayan ya yi sauƙi, kuma ka daina yi wa masu jinya tsawa kamar a shagonka kake.

Shagon taliyarmu lafiya, sai abu ɗaya da ya tsaya mini a rai. Jajiberin sabuwar shekara ya matso, ranar da duk unguwa ke cin taliyar soba, ga masu aikin rabin yinin nan namu sun ce ba za su zo ba. Ni kaɗai ba zan iya ba. Sai dai a rufe, abin da ba a taɓa yi ba tun zamanin babanka.

Na gwada hanyarka. Na jera su da safe muna ta ƙwala "Barka da zuwa!" ga kujerun da ba kowa. Inna Kurata, dattijuwar cikinsu, ta dube ni ta ce, "Chizuru, ke ma ciwon mijin naki ya kama ki?" Na rasa inda zan sa fuskata.

To, kada ka diro daga gado. Na soke jerin safen. Na kuma hana su cin ragowa a tsaye bayan tukwane. In an cire labulen ƙofa da rana, alamar an rufe shago, a teburin baƙi muke zama, kowa da ranar girkinsa. Honoka, ɗalibar nan, ta kusa kashe mu da yaji. Tsutomu, tsohon direba, ashe gwanin suyar kifi ne. Ranar Inna Kurata miyar ƙauyensu ta yi, muka suɗe tukunya. Ta ce duk daɗewarta a nan ba wanda ya taɓa ɗanɗana girkinta.

Ban sake yi musu maganar jajibere ba. Ka sha magani.

Taka,
Chizuru

Baban Sayuri,

Barka da sabuwar shekara. Ya ƙarfin jiki? Sayuri ta ce ka fara takawa, na ji daɗi ƙwarai.

Ranar jajibere na sauko da safe, sai na tarar da Inna Kurata tana shara. Ta ce, "Kallon me kike yi? Yau girkina ne. So kike wancan tsohon ya ƙwace mini?" Tsutomu na ciki yana hura wuta, Honoka na yanka albasa. Sai da na shiga ɗakin ajiya na share hawaye. Taliya ko sili ba ta yi saura ba.

Saura kai. Sun ba ka Alhamis. Inna Kurata ta ce ta gaji da ganinka kana ci kai kaɗai, fuska a bango. Ta ajiye maka kujera kusa da tata, har da matashi saboda bayan.

Ka dawo da wuri, mun yi kewarka.

Matarka,
Chizuru