Shamuwoyin Gandun Batagarawa

Ƙofar Durbi, Katsina

Zuwa ga ɗan ƙanena Mudassir,

Bayan sallama, ina gajiya, ina aiki, yaya Ramla da yara? Na rubuto ne tunda waya ta fi ƙarfin ɗagawarka, manya masu ofis.

Lado mai gadin gandun da aka ba ka riƙo ya biyo jiya. Ya ce wai za ka sa a sassare rassan tsamiyar nan ta bakin ƙofa, wadda shamuwoyi ke sheƙa a kanta, saboda kashinsu yana ɓata kayan amare masu zuwa ɗaukar hoto. Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Kai Mudassir, gandu aka killace don tsuntsu da itace, ko gidan hoto aka ba ka? Tun kakanka yana shara a wurin, manoman Batagarawa ke leƙa tsamiyar nan, in sun ga shamuwa ta sauka su fara gyaran gona. Yanzu ma shamuwoyin kwance suke kan ƙwai. Ni na tsaya maka har ka sami aikin nan, kada ka sa in ji kunya.

Allah ya shirya. Gwaggonka,
Rakiya

Gandu, hanyar Batagarawa

Gwaggo,

Ina gaisuwa da girmamawa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi.

Lado ya cika surutu. Gwaggo, zamanin da kika sani ya wuce. Tun da na zo ban ga mutum ɗaya da ya yanki tikiti don ya kalli tsuntsu ba, amare da 'yan yawon Sallah su ke riƙe da wurin. Makon jiya wata amarya da kuka ta fita, mayafinta ya yi kaca-kaca. Manoma kuwa a rediyo suke jin labarin ruwa.

Kuma ba kashe su zan yi ba. Na sa maƙeri ya yi dogayen ƙarafa a bayan gandu, za a ɗauki sheƙunan a hankali a aza a kai. Ki kwantar da hankalinki, abin nan karatunsa na yi.

Ɗanki mai biyayya,
Mudassir

Ƙofar Durbi

Mudassir,

Sallama. Na hau acaba da ciwon ƙafata na je na ga karatun naka.

Sannu da ƙoƙari. Sheƙuna na can kan ƙarfe cikin rana, ba uwa ko ɗaya, hankaki sun fasa ƙwan sun shanye. Tsamiya ta zama kamar kan da aka yi wa aski rabi. Na tarar da wata amarya a gindinta, ba inuwa, kwalliya tana zubo mata har wuya, mai hoto yana cewa su koma otal. Na tambayi Lado ina kake, ya ce ka shiga ofis ka kulle da ka hango ni. Wallahi raina ya ɓaci, kuma na raina wayonka.

Sauran labari: shamuwoyin sun samu wuri. Suna nan kan kukar bayan ɗakina, suna ta jigilar kara. Kashinsu ya ɓata mani shanya, ban mutu ba.

Rakiya

Gandu

Gwaggo,

Ina gaisuwa, Allah ya huci zuciyarki.

Akwai baƙi da za su zo daga jami'a ranar Asabar tare da shugabana, wai musamman don shamuwoyin gandu. Ban faɗa masa abin da ya faru ba. In suka tarar da ƙarafa, aikina ya tafi. Don Allah ki yarda in kawo su gidanki, in ce reshen gandu ne.

Ɗanki,
Mudassir

Ƙofar Durbi

Mudassir,

Baƙi su zo, ƙofa a buɗe take, har fura zan dama masu. In shugabanka ya tambaye ni yadda aka yi suka dawo nan, zan faɗa masa. Kai kuma ka tsaya a zaure.

Rakiya