Wayar da Ta Bi Ta Ƙarƙashin Labule

Goggo Breshna, don girman Allah ki taimake ni. Ba zan faɗi sunana ba, sunayen da zan ambata ma na aro ne, don Peshawar duk girmanta ƙauye ce idan magana ta fita.

Sana'ata ɗaukar hoton biki, ɓangaren mata. Kin san yadda ake yi: da an rufe ƙofa mayafai sun sauka, gashi ya fito, har tsofaffi su tashi su taka. Ana barina in shiga da kyamara ne saboda alkawari ɗaya, cewa idon namiji ba zai sauka a kan hoton ba. A kan wannan na gina shagona. Daga ciki, bayan wani labule mai kauri, kwamfutoci uku ne, ni da abokan aikina mata biyu muke gyaran hotuna. Daga gaba, bakin titi, ƙanin mijina Baryalai ne da tasa kwamfutar, yana yi wa maza hoton fasfo. Bai taɓa ɗaga labulen nan ba. Ko shayi ya kawo mana, sai dai ya ajiye a ƙasa ya yi gyaran murya.

Ashe akwai mai wucewa ba sallama. Firinta mai kyau a wurinmu take, shi ya sa tun buɗe shagon aka ja wata shuɗiyar waya daga teburinsa, ta bi ta ƙarƙashin labule, ta shiga ɗan akwatin intanet da duk kwamfutocinmu ke jone da shi. Kullum ina tsallake ta, ina ɗaga ta in yi shara, ban taɓa ɗaukarta a matsayin ƙofa ba.

Kwanan baya wani mutum ya kawo wa Baryalai filashi a wanke masa hoto. Daga ranar kwamfutarsa ta fara nauyi. Ba a jima ba abokiyar aikina Spogmai ta kira ni in gani: jakar hotunan wani biki ta zama biyu, in ka taɓa ɗaya sai wani baƙin abu ya gifta a allon ya ɓace. Washegari tawa ma ta kamu. Fitilar akwatin nan kuwa sai ƙifce-ƙifce take kamar mai gulma, ko babu wanda ke aiki. Baryalai ya ce bairos ne, cutar kwamfuta, kuma akwai irin wanda ke kwasar abin da ya tarar ya tura wa masu shi. Har da dariyarsa, wai "Matar Yaya, baƙon naki ba shi da tarbiyya, ko gyaran murya bai yi ba."

Goggo, a cikin na'urorin nan akwai bikin wata yarinya daga Charsadda. Dangin mijinta masu tsanani ne, ko hoton katin shaida sai da aka kai ruwa rana. Mahaifiyarta ta riƙe hannuwana biyu ta ce ta ba ni amanar 'yarta. Akwai hoton da yarinyar ke rawa, kanta ba ɗankwali, tana dariya da dukan fuskarta. Idan hoton nan ya faɗa wayar wani ɗan iska, aurenta ne mafi ƙanƙantar abin da za ta rasa. Kin san mutanenmu.

Akwai mai gyara a layinmu, dattijo ne, Ustaz Gul Rahman. Ya ce sai an bincika kwamfutocin duka huɗu, in ba haka ba aikin banza ne. Wato namiji ya zauna a kujerata, gaban hotunan da na yi rantsuwa a kansu. In na bar shi, na karya alkawari da hannuna. In na hana shi, wa ya san abin da ke fita ta wayar nan yanzu haka? Mijina ya ce a goge komai a huta, to amaren da ke jiran albam ɗinsu fa? Har mayafi na lulluɓa wa kwamfutocin, na kuma san wauta ce. Tsoro nake ji. Me zan yi?

Mai Hoton Amare, Peshawar

'Yata,

Idan shuɗiyar wayar nan tana jone har yanzu, ajiye jaridar ki je ki zare ta, ki kashe akwatin, sannan ki dawo ki ƙarasa karatu.

To, ja numfashi. Na tambayi 'yar ƙanwata da ke koyar da kwamfuta. Ta ce cutar da ke zuwa a filashi tana ninka jakunkuna, yawancinta ɓarnar cikin gida take yi, kuma ƙiftawar fitila kaɗai ba shaidar sata ba ce. Amma ba a sani sai an duba, kuma Ustaz ya yi gaskiya da ya ce duka huɗu. Kamar ƙwarƙwata ce a gidan yara, in kin tsefe uku kin bar ɗaya, kin yi aikin baban giwa. A duba kowace ita kaɗai, kuma kada ki soka filashi ko wata ma'ajiyar hotuna a jikin ko ɗaya tukuna. Shawarar maigidanki za ta kashe cutar, amma za ta share sawun ɓarawon, ki zauna ba ki san ko an fita da wani abu ba.

Alkawarinki kuwa ban ce ki karya ba. Manhajar da ke binciken cutar ba ta bukatar a buɗe hoto, mai gyara ma ba ya bukatar ganin fuskar kowa. Ki nemi mace ƙwararriya, akwai su a makarantun kwamfuta. Idan ba ta samu da wuri ba, ki ajiye wa Ustaz kujera a wajen labule, ke ki zauna ciki. Ya faɗi abin da za ki danna, ki karanto masa abin da ya fito. Zai yi mita, ki cika shi da koren shayi. Ki ce kuma ya duba ko akwai alamar an tura wani abu waje.

Idan babu, ki gode wa Allah ki ci gaba da aikinki. Idan akwai ko da shakka ce, ki ɗauki mayafinki ki tafi Charsadda, ki sami uwar yarinyar ita kaɗai ki faɗa mata. Da ɗaci, kuma wataƙila ki rasa masu kawo miki aiki. Amma gara ta ji daga bakinki tana da damar tarar abin, da ta ji daga bakin surukai. Amanar da ta damƙa miki har da wannan a ciki.

Kada ki huce a kan Baryalai, shi ma bai sani ba. A sama masa ƙaramar firinta tasa, wayar nan kuma kada ta sake bin ƙarƙashin labule. Kin daɗe kina gadin ƙofar da maza ke bi, yanzu kin ga ɗayar. Allah ya rufa wa yarinyar nan asiri, ya rufa miki.

Goggonki Breshna