Dusar Akuya

Daren Talata, Dandin Mahe

Barci ya ƙi zuwa. Kwana uku ke nan da Gwaggo Asabe ta iso daga Sudan, ita kaɗai, yaƙi ya cinye mata gida. Da la'asar ina shirin zuba wa akuya dusa, sai Gwaggo ta riƙe mini hannu gam.

"Ke ɗiyata, wanga za ki ba dabba?"

Na yi dariya, na zaci wasa take yi. Ta ce can irinta suke damawa su sha, har layi ake yi. Jikanta Ali bai samu ba ranar da ya rasu.

Innalillahi! Har yanzu kwanon yana bakin turke. Akuya tana ta kuka, na kasa zubawa.