A Bar Mini Tamar Shekara Guda

Kafanchan, cikin damina.

Zuwa ga ƙanena Kaleb,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Serah da yara, da yadda kuke fama da ruwan Fatakwal. Allah Ya ƙara maka ƙarfin aiki, Ya tsare fitarku da shigarku. Mu nan da sauƙi. Ƙafar mai ɗakina Martha ta sake kumbura, amma ba ta fasa zuwa zumuntar mata ba. Ni kuwa idon hagu ya kusa sallamata, sai na kai takarda bakin hanci kafin in gane rubutu. Na leƙa Manchok kwanan baya. Cittar da aka shuka a gonar Baba ta sake ruɓewa a ƙasa, Zamani da ke noma gonar ya ce baɗi masara zai koma. Na ƙyale shi, na gaji da ba mutane shawara.

Na zaɓi in rubuta ne domin a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Zancen 'yarka Tamar ne. Da ka turo ta wurina, ka ce in ɗan goge mata lissafi kafin ta tafi digiri na biyu, kamar takalmi ka aiko a shafa masa mai. Na karɓa ba da son raina ba. Ka san tun da na yi ritaya ban sake taɓa alli ba. Abin da lissafi ya bar mini a garin nan shi ne sunan Farfesa da masu shayi ke kirana da shi suna ƙifta ido, alhali yaran da na kasa koya wa rabawa su ne yau ke wuce ni a mota da gilashi rufe. Duk da haka na shafa baƙin fenti a bangon baranda, muka fara yadda aka koya mana a da: ɗalibi a tsaye, ba takarda a hannu, ya faɗi kowane mataki da bakinsa, ya faɗi dalilinsa.

Ranar farko na ba ta abin da kowane ɗan shekarar farko ya sani. Na ce ta nuna mini cewa lambar da za a ninka da kanta ta ba da biyu, ba a iya rubuta ta a matsayin lamba bisa lamba. Kaleb, ta zubo shi kamar ayar haddar makarantar Lahadi, ko numfashi ba ta ja ba. Har na ji wani daɗi ya fara taso mini. Sai na ce ta cire biyu ta sa huɗu. Ta goge, ta sa huɗu, ta bi layin nan ɗaya bayan ɗaya da murya iri ɗaya, ta kai ƙarshe ta ja layi, ta juyo tana murmushi. Na tambaye ta wace lamba ce ake ninkawa da kanta ta ba da huɗu. Ta ce biyu. Na ce to ga shi ta tabbatar mini yanzu cewa biyu ba lambar da ake iya rubutawa ba ce. Ta dubi bango, ta dube ni. Martha da ke tsince wake a gefe ta ce in bar yarinya ta sha ruwa.

Ban ga laifinta ba. Ta gaya mini yadda suka yi karatun: malami ya raba takardu, a haddace, a mayar masa da abinsa ranar jarrabawa, wanda ya canza kalma ya rasa maki. Da haka ta fito da sakamakon da kake nuna wa abokanka. Yarinyar tana da kai, an dai yi shekaru ana hana ta amfani da shi. A digiri na biyu kuwa, in ta faɗa hannun malamin kirki, tambayar farko za ta tone ta, ta dawo gida tana ganin ita daƙiƙiya ce, ba kuma za ta sake kallon lissafi ba. In ta faɗa hannun irin waɗancan, ta fito da babbar takarda, ta shiga aji ta haddatar da 'ya'yan wasu. Ban san wanne ya fi muni ba.

Na ƙi nuna mata inda kuskuren yake. Na bar rubutun a bango, na ce duk ranar da ta gano matakin da ya yi ƙarya ta kira ni. Ta yi fushi, ta daina ce mini Baba sai in dole. Ta nema a waya, na ce wayar ba za ta bi ta gaban malamai ba. Makwabcinmu Malam Ja'afaru mai shagon hatsi ya tare ni ya ce me na yi wa 'yar mutane take tsayawa tana magana da bango. Ni kaina na fara tunanin in haƙura, in sa mata albarka ta tafi, tunda ba a kaina aka fara lalata karatu ba, ba kuma ni zan gyara shi ba.

Ranar Asabar da ta wuce, ina zaune ina jin rediyo, ta dawo daga kasuwa, ko kayan miya ba ta ajiye ba, ta ɗauki alli. Ta rubuta shida, ta rubuta talatin da shida. Ta ce a hujjar akwai wurin da ake cewa in aka ninka lamba da kanta, huɗu ya raba abin da aka samu, to ya raba lambar ita ma. Ga shi huɗu ya raba talatin da shida amma bai raba shida ba. Ta ce da biyu matakin gaskiya ne, da huɗu ƙarya ne, kuma shekara da shekaru tana faɗinsa ba ta taɓa tambayar me ya sa ba. Sai ta tambaye ni, a hankali, ko sauran abubuwan da ta haddace ma haka suke. Na ce mata yawancinsu. Ta zauna a kan turmi ta ce to ba ta shirya tafiya ba, amma ba za ta iya gaya maka ba.

Shi ya sa ni nake gaya maka. Jami'ar ta yarda ɗalibi ya ɗage shiga zuwa baɗi, Tamar ta tambaya. Na san abin da ke damunka. Na san ka riga ka yi godiya a cocin Manchok da Kirsimeti, ka fita gaba da rawa, fasto ya ɗaga hannunta ya ce ga mace ta farko a gidanmu da za ta yi digiri na biyu, aka ci shinkafa. Kana jin nauyin a gan ta bana tana yawo a Kafanchan. To duk wanda ya tambaye ka, ka ce Azariya ne ya riƙe ta, tsohon nan mai taurin kai. Za su yarda nan take, sun daɗe suna faɗin abin da ya fi haka a kaina. Kai ka tsira da mutuncinka, ita ta tsira da karatunta.

Ban yi maka alkawarin komai ba. Idona ba lallai ya kai baɗi ba, abubuwa da yawa kuma sun zube daga kaina. Abin da ya rage zan ba ta. In ka ƙi, 'yarka ce, zan raka ta tasha da kaina. Ka dai kira ta, ka bari ta gama magana kafin ka amsa.

Ka gaida Serah, ka ce Martha ta gode da maganin shafawa. Ka gaida Lai'atu da mijinta, da Mijinyawa in kun haɗu. Martha ta ce in wanke bangon kafin baƙi su ɗauka mun buɗe makaranta. Na goge komai, sai shida da talatin da shida na bari.

Naka, yayanka,
Azariya