Shinkafar da Ta Kwana a Firji

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya jikin Inna? Ya yara da maigidan naki? Ni dai lafiya lau nake, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Gwiwoyina ne suka matsa mini. Tsayuwar awa tara gaban injin guga ba wasa ba ce, ga jikin nan da kika sani ya ƙaru. Likita ta ce ƙibar ce. Tunda na kasa rabuwa da shinkafa, ta ce in riƙa dafa ta, ta kwana a firji, kashegari in ɗumama in ci. Wai idan ta yi sanyi, wani ɓangare na sitacinta ba ya narkewa a ciki, sai jiki ya ɗebi kaɗan. Na ce, "Likita, zan rame?" Ta ce, "Wataƙila ki ɗan ragu, amma ban yi miki alkawari ba."

Wata biyu ke nan, kilo ɗaya kacal ya tafi. Shugabar aikinmu kuwa ta ga yadda nake dafa bango in zan hau bene, ta ce za mu zauna ƙarshen wata. Kin san abin da hakan ke nufi.

Ki sa ni a addu'a. Kada Inna ta ji. In ta tambaya, ki ce mata ina cin abinci sosai, ba ƙarya kika yi ba. Ina ci, ni kaɗai, kwanon a cinyata, fuskata na kallon bango.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki