Na Kashe Wayata Ranar Da Inna Ta Neme Ni

Assalamu alaikum Anti Zaituna. Don Allah ki taimake ni, ki karanta wannan har ƙarshe ko da ya yi tsawo, don ba ni da wanda zan iya buɗe wa cikina. Karatuna bai yi nisa ba, ki yi haƙuri da rubutuna.

Ba wanda ya gaya mini mahaifiyata ta rasu. Ina zaune a gefen jirgin ruwa, ƙafafuna duk yashi, mayafina ko gama bushewa bai yi ba, na kunna wayata. Ta yi ta kaɗawa a hannuna kamar ba za ta tsaya ba. Kira talatin da ɗaya. Kafin in buɗe komai idona ya kai kan hotunan 'yan gidanmu a WhatsApp. Ƙanwata, 'ya'yan yayana, har matar maƙwabcinmu, kowa ya cire hotonsa ya sa na Inna, wanda ta ɗauka da Babbar Sallah da farin mayafi. Kin san mutanenmu ba sa yi wa mai rai haka. A nan na gane.

Ni 'yar Maradi ce. Shekarata ashirin da huɗu a New York. A unguwar Stapleton nake zaune, a tsibirin Staten Island, ina kitso a wani shago a titin 125 a Harlem. Kullum sai na hau feri, jirgin ruwan fasinja, a tashar St. George, safe da yamma, amma ko ɗan yatsana ban taɓa tsomawa a teku ba. Tun da na zo ban koma gida ba, saboda rashin takardun zama. 'Yata ɗaya ce, Rahina, a nan na haife ta, mun rabu da babanta tun tana ƙarama. Ta gama karatun nas, ta samu aiki, ta shigar mini da takardu, muna jira. Inna kuwa kullum maganarta ɗaya ce, in sun fito in zo ta gan ni ko sau ɗaya ne.

Rahina ce ta ce tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin na huta ba. Ta shirya mana tafiyar kwana huɗu zuwa Puerto Rico, ta ce tsibirin a ƙarƙashin Amurka yake, ba fita ƙasa ba ce. Na ce ni dai ba zan shiga ruwa a gaban maza ba. Sai yarinyar nan ta ɗauki shatar jirgin ruwa sukutum, mu biyu kaɗai. Katamaran suke ce masa, kamar an jera kwalekwale biyu an ɗora musu daɓe, da ƙaton ƙyalle a sama da iska ke turawa. Ta yi ta bincike har ta samu wanda mace ke tuƙawa, mai taimaka mata ma mace. Ta sayo mini kayan wanka masu rufe jiki duka, har da hula. Wata biyu tana wannan shiri, tana nuna mini hotunan kifaye, ni kuma ina mata tsiya ina cewa mu a Maradi a cikin miya kawai muka san kifi.

Ban gaya wa kowa a gida ba. Kunya ce ta hana ni. Wadda ta yi shekara ashirin da huɗu ba ta zo ganin uwarta ba, a ji ta hau jirgin sama ta tafi wasan ruwa? Wa zai tsaya in yi masa bayanin takardu? Kuma na san Inna ba ta da lafiya, hawan jini ya sa ta gaba. Ana gobe za mu tashi na kira Safiatou, ƙanwata da ke jinyarta. Ta ce jiki da sauƙi. Na ce ta ba ni Inna, ta ce barci take yi. Anti, ni ma Bahaushiya ce. Na san ko mutum yana gargara, da sauƙi ake ce wa na nesa. Ni kaina na sha faɗa wa wasu haka. Na ji muryar Safiatou ba daidai take ba, amma na yarda, saboda na riga na ɗaure akwatina kuma ina son in tafi.

Safiatou tana da wani hali, kiran bidiyo ba sanarwa. Safiyar da za mu shiga jirgin ruwan sai tsoro ya kama ni, kada ta kira ta ga teku a bayana. Na tura mata saƙo na ce yau aiki ya yi mini yawa, amarya da ƙawayenta zan yi wa kitso, in na tashi zan neme su. Na kashe wayar da hannuna, na jefa a jakar roba.

Abin da ya fi cina a rai shi ne na ji daɗin ranar. Ba zan ɓoye miki ba. Suka sa mini rigar da ke hana nutsewa, da wani tabarau mai rufe ido da hanci, da bututun da ake kamawa da baki a yi numfashi. Rahina ta riƙe hannuna kamar ita ta haife ni. Da farko na sha ruwan gishiri na yi ta tari, muka yi ta dariya har matar jirgin. Da na saba na kifa fuskata, sai ga wata duniya a ƙasa. Kifaye rawaya, shuɗaye, masu zane kamar atamfa, da wani kunkuru yana tafiyarsa bai damu da kowa ba. Ba ƙarar jirgin ƙasa, ba mai cewa kitson ya yi zafi, numfashina kawai nake ji. Ciwon bayan da na yi shekaru da shi ma na neme shi na rasa. Daga nan suka sauke mu a wani ɗan tsibiri, yashinsa fari tas kamar garin masara. A nan na shimfiɗa zanena na yi azahar, na roƙa wa Inna sauƙi. Sai daga baya na tuna awa biyar ce tsakaninmu da gida. Lokacin da nake roƙa mata sauƙi, ana ɗauke da ita ne zuwa makwancinta.

Safiatou ta ce da azahar ta can Inna ta ɗan farfaɗo. Ta sa aka tara mata 'ya'yanta, kowa ya nemi gafararta, ta yafe masa. Ni aka yi ta kira ba a samu ba. Da ta gaji da jira sai ta ce a kara mata wayar Safiatou a baki. Ta bar mini saƙon murya, minti biyu da daƙiƙa goma sha ɗaya. Bayan la'asar ta cika, kafin magariba an rufe ta.

Ƙaryar kuma ta ƙi tsayawa inda na ajiye ta. A zaman makoki Safiatou ta gaya wa kowa ina wurin aiki, ina tsaye a kan ƙafata ina nema musu. Gwaggonnina suna kirana suna sa mini albarka, suna cewa kada in damu, wahalarsu nake yi. Ni kuma ina amsawa da amin. Na ce wa Rahina kada ta nuna wa kowa hotunan, kada ta ɗaga maganar. Yanzu yarinyar ba ta iya kallon idona. Sau ɗaya ta ce mini da Turanci wai laifinta ne, da ba ta kai ni ba da na yi sallama da kakarta. Na ji ta sarai, amma na ci gaba da wanke kwanonina. Ranar sadakar bakwai Safiatou ta tambaye ni ko na ji saƙon Inna. Na ce na ji. Ta ce to madalla, ba ta sake tambaya ba.

Anti, ina tsoron in buɗe in ji tana cewa ina kike. Amma na fi tsoron in ji tana sa mini albarka a kan aikin da ban je ba. In ta yafe mini tana zaton ina shago, alhali ina can ina kallon kifi, wannan yafiyar ta hau kaina kuwa? Ko ta tafi da haƙƙinta a wuyana?

Yau kwana arba'in da uku. Ban saurari saƙon ba, ban gaya wa Safiatou inda nake ranar ba.

'Yar Maradi, Staten Island

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta, ya ba ku haƙuri. Rubutunki ba shi da aibu, na fahimce ki tsaf.

Tafiyar da kika yi ba laifi ba ce. Mace ta yi shekara ashirin da huɗu a tsaye, 'yarta ta ce zo ki huta kwana huɗu, kuma ta tsare miki mutuncinki har a tsakiyar teku. Daɗin da kika ji halal ɗinki ne. Ko a shago kike ranar, ba za ki isa Maradi ba, ba za ki ƙara wa Inna ko minti ɗaya ba. Amma ba zan ce miki ba ki rasa komai ba. Kin rasa kiran, kuma ƙaryar da kika yi ce ta sa kika kashe wayar. Wannan naki ne, ki karɓe shi ki nemi gafarar Allah a kai. Sai dai ki duba, su ma a gida sun ɓoye miki tsananin ciwon don kada hankalinki ya tashi, ke kuma kin ɓoye musu tafiya don kada ransu ya sosu. Kowa tausayin ɗan'uwansa ya ji, aka yi asara a tsakani. Ba ke kaɗai kika jawo abin ba.

Game da yafiya, ban san abin da ke cikin saƙon ba, kuma ba zan yi miki alkawarin zai yi daɗin ji ba. Abin da na sani shi ne uwar da ke gab da barin duniya ba yini ɗaya take dubawa ba. Ta san ki tun kina goye, ta san ƙaryarki ta yarinta da taurin kanki, a haka ta ce a kara mata waya don ta yi miki magana. In albarkar wahalarki ta sa miki, wahalar gaskiya ce, kin yi ta, ko da ba ranar ba. In har zuciyarki ba ta kwanta ba, ki samu malamin da kika yarda da shi ki tambaye shi a keɓe.

Akwai abin da nake jin ba ki lura da shi ba. Saƙon murya in an saurare shi, alamar da ke jikinsa takan koma shuɗiya a wayar wanda ya aiko. Daga wayar Safiatou saƙon ya fito. Ke nan akwai yiwuwar ta san ba ki ji ba tun ranar da kika ce kin ji, ta yi shiru ta rufa miki asiri. Ƙanwar da ta yi miki haka ba wadda za ki ji tsoron gaya wa gaskiya ba ce.

Ki fara da Rahina, yau ɗin nan. Ki zaunar da ita ki gaya mata da bakinki cewa ba ta yi laifin komai ba, alheri ta yi miki, ke kika kashe waya. Yarinyar tana ɗauke da kayan da ba nata ba, kuma shirunki take ɗauka a matsayin hukunci. Kada a goge hotunan. Sannan ki sa ta adana miki saƙon a wani wuri daban kafin komai, don waya tana faɗuwa, tana ɓata, kuma muryar nan ba ta da ta biyu. Ku saurare shi tare da rana tsaka, ranar da ba ki da aiki. In kuka ya zo ki bar shi ya zo.

Bayan nan ki kira Safiatou, ita kaɗai. Ba sai kin tara dangi kin yi shela ba, ita kika yi wa ƙaryar, ita za ki ba haƙuri. Mai yiwuwa ta yi fushi, don da bakinta ta yaɗa maganar aikin, kuma ita ta yi jinya kina nesa. Ki bar ta ta yi. Kada ki kare kanki da cewa ai ita ma ta ce da sauƙi, ba ranar wannan maganar ba ce. In kuma kin ga barci da cin abinci sun gagare ki, ki ga likita, Rahina ta san hanya.

Kada ki ce sai kin ji ƙarfin zuciya tukuna, ba zai zo kina zaune ba. Ki sa wa kanki rana a cikin makon nan. Mahaifiyarki ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata ta yi miki magana, ladabi ne ki ji abin da ta ce. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya fito miki da takardunki cikin sauƙi, ya yi wa Rahina albarka, ya haɗa ki da Inna a Aljanna.

Anti Zaituna