Nauyin Dagi

Litinin, 3 ga Maris

Mijin Auta ya kawo kwikwiyon a cikin kwali. Wai tunda ɓarayi suka haura katanga suka ɗauke min injin walda, bai kamata in zauna a gidan nan ba kare ba. Baƙi ne, kunnuwa a zube, ƙafafu kamar ya ari takalmin ubansa. Na sa masa Dagi.

Auta ba ta so. Ita so take in tattara in koma gidanta, ɗakin nan na kusa da kicin da tagarsa ke kallon bango. "Baba, irin waɗannan fa kamar maraƙi suke zama. In zai fi ƙarfinka, mu ɗauke shi, kai ma mu ɗauke ka." Na ce na ji. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina lanƙwasa ƙarfe, wai kare ne zai fi ƙarfina.

Lahadi, 9 ga Maris

Ya cinye igiyar takalmina, ya yi fitsari a ƙofar ɗakin marigayiya matata. Ban dake shi ba. Rabona da in ji motsin mai rai a gidan nan tun rasuwarta.

Alhamis, 13 ga Maris

Likitar dabbobi ta zo gida ta yi masa allura. Yarinya ce, sa'ar Auta. Na tambaye ta ina girmansa zai tsaya. Ta ce in ya cika wata huɗu in auna shi, in ninka biyu, in ƙara kaɗan, kusan nauyinsa na girma ke nan. Yadda ake aunawa kuma, in hau sikeli ni kaɗai, in sake hawa ina rungume da shi, in cire na farko daga na biyu.

Na faɗa wa Auta a waya. Nan take ta yanke hukunci: in lissafi ya wuce kilo talatin da biyar, magana ta ƙare. Halin uwarta sak.

Asabar, 15 ga Maris

Na jawo sikelin daga ƙarƙashin gadon marigayiya. Kowace safiya a watanninta na ƙarshe nakan riƙe ta ta hau, in karanta mata lambar, lambar tana sauka. Na tsani abin nan. Ba zan hau shi ni kaɗai ba, kuma ba ma sai na hau ba. Kilo saba'in da takwas nake tun ina da gashi a kai. Da Dagi kawai zan riƙa hawa, in cire.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Kilo goma sha biyu. A hankali yake girma, yaron kirki. Abin mamaki, na sake sassauta masa abin wuya, kuma ɗaukarsa sai da na yi nishi. Gashi ne da ƙashi, ina ji.

Abinci ba ya min daɗi kwanan nan. Cokali biyu, sauran na juye masa. Shi kam ba ya mayar da hannun kyauta baya.

Talata, 15 ga Afrilu

Na huda sabon rami a bel. Fatar zamani, ba ta jimawa sai ta saki.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Wata huɗu cif. Sha huɗu. Ninki biyu da ɗan ƙari, talatin ke nan, bai kai layin Auta ba. Na kira ta har da dariyata, na ce ta bar ɗakinta na kusa da kicin ta zuba tarkace. Ba ta yi dariya ba. "Baba, wannan tarin fa? Tun yaushe?" Na ce ƙurar shara ce. Raina ya ɓaci, na kawo mata albishir tana min tambayar asibiti.

Talata, 29 ga Afrilu

Ya ga kyanwa a bakin ƙofa, ya fizga, sai ga ni a ƙasa. Gwiwa ta goge. Na daɗe a zaune a kan siminti yana lasar hannuna. Kare mai kilo sha huɗu. Ba wanda ya gani, ba kuma wanda zai ji.

Juma'a, 2 ga Mayu

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Allurar ƙarshe a asibitin dabbobi ake yi, mijin Auta ya kai mu a mota. Suka ɗora Dagi a sikelinsu na ƙarfe. Ashirin da huɗu. Na ce sikelinku ya lalace, a gida sha huɗu ne. Na ɗaga murya ma, har mai riƙe da zomo a benci ta juyo. Likitar ta sake ɗora shi, lambar ba ta motsa ba. Ta ce zai kai hamsin, ko ya wuce.

Sai ta tambaye ni yadda nake aunawa. Na faɗa mata. Ta dubi wuyan rigata. "Baba, kai fa? Yaushe rabonka da ka hau kai kaɗai?"

Mijin Auta ya sunkuyar da kai.

Asabar, 3 ga Mayu

Na hau. Sittin da takwas.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ashe duk abin da yake ƙarawa, daga jikina ake cirewa, ni kuma ina murna. Tsoro nake ji, gara in rubuta. Na san wannan hanyar, na raka wata a kanta har ƙarshe.

Auta ta zo. Ba ta ce "na faɗa maka" ba, da ma ta ce. Ta shiga kicin ta buɗe famfo, ta daɗe, ta fito ido jajir. Gobe za a ɗebi jini, a ɗauki hoton ƙirji. Na ce sai dai da sharaɗi, ba za a ba da Dagi ga baƙo ba. Ta ce, "Baba, wa ya ce za a bayar?"

Laraba, 14 ga Mayu

Sakamako bai fito ba, amma likitan ya ce in zo da wani nawa.

Mijin Auta yana gina wa Dagi ɗaki a bayan gidansu. Ya kawo min awon ƙofar, na ce ya yi kaɗan, ba don kwikwiyo ake gini ba, don karen da zai zama. Na gyara masa, na faɗa masa kaurin ƙarfen da zai saya. Da yamma muka fita zagaye, na miƙa masa igiyar, ni ina biye a baya. Gwiwa ce kawai.

Na sa kayan kwana biyu a jaka, zan sauka gidan Auta. Sikelin na mayar ƙarƙashin gado.

Na kira likitar dabbobi, na tambaye ta yaushe irinsu ke gama girma. Ta ce kusan shekara biyu. Ba don komai na tambaya ba. So nake in ga ko lissafinta zai yi daidai.